Kunne Ya Girmi Kaka: Nazari Kan Sauraron Kaset ɗin Wasan Shata

Gabatarwa

Ranar 18 ga Yuni, 1999, Allah ya karɓi ran Alhaji Mamman Shata a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Mu mutanen Guci da sauran garuruwan Dungas da Magarya a rediyo muka ji rasuwar, kamar yadda tun farko a rediyon muka san shi. Daura ba ta da nisa da mu, kuma iyakar da ta ratsa tsakaninmu da ita ba ta taɓa tare kiɗan kalangu ba. Shi kansa Shata ya sha ƙetarowa Nijar yin wasa, muryarsa kuwa tana ƙetarowa kullum ba tare da an tambaye ta takarda ba.

Yau yaron da aka haifa a shekarar rasuwarsa ya zama magidanci, amma har gobe ana jin Shata a teburin mai shayi, da cikin motocin kasuwa, da fadar samari. Sai dai ji daban, sauraro daban. Abin da Shata ya bari iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti na kamfani ko na gidan rediyo, tsaf, ba hayaniya. Akwai kuma wanda wani ya danna rikoda ya ɗauka a filin biki, da guɗa, da ihun maroƙa, da ƙugin janareta. Mutane da yawa suna ɗaukar na biyun a matsayin mai datti. Ni kuwa ina ganin a cikinsa ne ainihin fasahar mutumin take, kuma duk mai son tunawa da shi bisa gaskiya sai ya koyi zama da irin wannan kaset ya kasa kunne.

Yadda muryar ta iso mana

Hanya ta farko ita ce iska. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, a da ana kama shi a gajeren zango har cikin ƙauyukanmu, ga kuma Muryar Sahel daga Yamai da tasharta ta Damagaram. Amma rediyo ba ya jiran kowa. Abin da ya saka ya saka, in ka makara ka rasa.

Kaset ne ya sauya lamarin. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma kafin shekarun 1980 ya cika kasuwanninmu. Masu kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da 'yan ci-rani masu dawowa daga Kano gab da faɗuwar damina, su ne suka riƙa shigo da shi. Rikoda mai baki biyu ta sa kowa ya iya kwafa: wannan ya ari na wancan, wancan ya kwafi na wani, har a rasa inda uwar kaset ɗin take. Da yawa daga waɗannan kaset ba na kamfani ba ne. Ɗaukar wasa ne, na bikin wani attajiri, ko naɗin sarauta, ko wasan da aka yi a gidan silima ko kulob.

A cikin akwatin da baffana ya bari, Allah ya jiƙansa, na tarar da irin waɗannan kaset masu yawa. Wasu an rubuta musu "Shata" da biro, shi ke nan. Wasu zarensu ya taɓa tsinkewa an haɗa shi da jan farce. Babu wanda aka rubuta wa gari ko shekara. Wannan rashin rubutu shi ya fara koya mini sauraro, domin duk abin da nake son sani game da daren da aka yi ɗaukar, dole daga cikin sautin zan tono shi.

Yanzu kuma zamanin memori ne da waya. Ka je wurin mai tura waƙoƙi ya zuba maka ɗaruruwa cikin ɗan lokaci. Samun ya yi sauƙi, amma an yi hasara a hanya: ana yanke farkon wasa da ƙarshensa, ana cire maganganun tsakani, a bar abin da mai yankan yake ganin shi ne waƙa.

Waƙar ɗaki da waƙar fili

Kafin a gane darajar ɗaukar fili sai an san yadda waƙar Shata take ginuwa. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun ba mu kalmomin aiki: akwai gindin waƙa, wato layin da ake komawa kansa, akwai ɗiyan waƙa, wato gaɓoɓin da jagora yake zubawa tsakanin dawowar gindin, akwai kuma turke, wato babban saƙon da aka ɗaure waƙar a jikinsa. A wurin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, 'yan amshi suna karɓar ɗa daga bakin jagora su ƙarasa shi, wani lokaci su yi ƙari. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya, kowa ya hardace rabonsa. Tsarin Shata daban yake. 'Yan amshinsa gindin kawai suke maimaitawa, gajere, ba sauyi. Duk sauran nauyin yana kansa shi kaɗai, kuma wannan ne ya ba shi 'yancin faɗin abin da ya ga dama a lokacin da ya ga dama. An san shi da cewa ba ya zama a gida ya tsara waƙa, a fili take zuwar masa.

To mutumin da waƙarsa a fili take haihuwa, me ɗakin ɗauka zai yi masa? Faifan garmaho na farko kusan minti 3 yake ɗauka a kowane gefe. Babban faifai da ya biyo baya yana kaiwa wajen minti 20. A ɗaki babu wanda zai shigo a yi masa maraba da sabon ɗa, babu wanda zai yi kyautar da za ta motsa mawaƙi, sai agogo da mai na'ura. Abin da ake samu a nan taƙaitawa ce, mai kyau ƙwarai, amma taƙaitawa. Kaset mai minti 45 a gefe guda, a hannun ɗan biki da ba ruwansa da agogo, shi ne ya fara kama waƙar da tsawon da take da shi a rayuwa.

Waƙarsa Bakandamiya ita ce babbar shaida. Duk wanda ya tara kaset ɗin Shata ya san ba guda ɗaya ba ce. Gindin yana nan, kiɗan yana nan, amma garuruwan da ya ambata, da mutanen da ya kira, da tsawon da ta yi, suna bambanta daga ɗauka zuwa ɗauka. Mai tambayar wacce ce ta asali bai fahimci abin ba tukuna. Kowacce ta asali ce a darenta.

Ba ga Hausawa kaɗai aka ga haka ba. Tsakanin 1933 da 1935, wani malamin jami'ar Harvard mai suna Milman Parry ya ɗauki muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar ƙasar Yugoslabiya, ɗalibinsa Albert Lord kuma ya fitar da sakamakon aikin a 1960. Sun gano cewa mawaƙin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya sak: yana da tubalan da ya saba da su, yana sake gini da su duk lokacin da ya buɗe baki. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Manyan makarantu sun ga abin nazari a wurin. Mu da kaset ɗin ke cikin akwatunanmu mun fi kowa cancantar yin wannan nazari.

Abin da kunne zai nema

Mai son sauraro na haƙiƙa sai ya ji kaset guda sau da yawa, kowane karo ya sa kunnensa kan abu ɗaya.

Karo na farko ya bi kalangu. Kalangu ganga ce mai siririn tsakiya, fata a baki biyu, tsirkiya ta haɗa su. Makaɗi yana matse tsirkiyar a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, shi ya sa take iya bin hawa da saukar harshen Hausa har ta faɗi take. Tun asali kiɗan mahauta ne da na dandalin 'yan mata, kuma daga dandalin Shata ya taso. A ɗaukar ɗaki makaɗa sukan riƙe gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗaukar fili za ka ji kiɗan ya fara a natse, yana ɗumi sannu a hankali, har ya kai inda ƙananan ganguna ke riƙe da ƙasa, babban kalangu kuma yana yawo a kansu. Ka lura da abin da ke faruwa in Shata ya ja numfashi: kalangu ne ke cike gurbin, wani lokaci ya maimaita karin abin da aka faɗa yanzu, kamar mai gaskata magana. Wannan zance ne tsakanin mutum biyu da suka daɗe tare, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba sai a kan wannan zaren.

Karo na biyu ya bi amshi, ya riƙa ƙirga tazarar da ke tsakanin dawowarsa. In ɗiyan gajeru ne, amshi na dawowa akai-akai, yawanci mawaƙin yana lalube ne, yana duban fili, yana jiran abin da zai kama. In kuwa ya sami abin faɗa, sai ka ji ya yi ta zuba, 'yan amshi sun yi tsit suna jiran alama, ɗa guda ya yi tsawon uku. A nan ake gane inda zuciyarsa ta tafi a daren. Mutumin da aka yi wa dogon ɗa da wanda aka ambata a wuce ba matsayinsu ɗaya ba a idon mawaƙi, ko da kyautarsu ɗaya.

Karo na uku, wanda ya fi kowanne amfani ga mai neman tarihi, ya bi bakin sanƙira da maroƙa. Su ne masu katse kiɗa su shelanta wane ɗan wane ya ba da kaza. Masu yankan waƙa a waya wannan suke fara zubarwa, alhali shi ne kalandar kaset ɗin. In ka ji ana ƙirga kyauta da fam da sule, ka san ɗaukar ta riga Janairun 1973, lokacin da naira ta maye gurbinsu, ko kuma ba ta yi nisa da shi ba, tunda baki bai saki tsohon lissafi nan take ba. In ka ji dala da jika irin ƙirgarmu ta sefa, inda dala take tamma biyar, jika kuma dubu, to akwai alamar a wannan ɓangaren iyaka aka yi wasan, ko kuma mutanenmu ne suka je. In an ambaci Jihar Katsina, ɗaukar ba ta riga 1987 ba. In an ce Jigawa a matsayin jiha, ba ta riga 1991 ba. Haka nan sarauta: mutum guda za ka ji shi a wani kaset da sunansa kawai, a wani an kira shi Alhaji, a wani kuma da rawani. In ka jera su sai ga rayuwar mutum ta bayyana, tare da shekarun kaset ɗin. Har girman kyautar ma labari ne, domin adadin da ya sa fili ya ɗauki sowa a wata shekara, bayan shekara goma sai ka ji an faɗe shi ba wanda ya motsa.

Karo na huɗu ya saurari fili kansa. Guɗa ba ta tashi a banza, tana faɗa maka ɗan da ya taɓa mata. Dariyar da ta ɓarke bayan wata magana da kai ba ka ga abin dariya a cikinta ba, shaida ce cewa habaici ne, kuma mutanen wurin sun san wanda aka nufa. A ɗaya daga kaset ɗin baffana akwai inda kiɗa ya tsaya cak na ɗan lokaci, ana jin motsin kujeru da gaisuwa, sannan aka tashi da wata waƙar daban. Wani babba ne ya shigo. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, in ji Hausawa, amma a filin Shata sau da yawa shigowar mutum ce ke sauya kiɗan.

Karo na ƙarshe ya saurari muryar, amma da hattara. Muryar ƙuruciya siririya ce mai kaifi, ta manyanta kuma ta yi kauri da nauyi, kuma ana iya kimanta zamani da wannan. Sai dai na'ura tana ruɗin kunne. In batir ɗin rikodar da ta yi ɗauka ya yi sanyi, zaren yana tafiya a hankali, ranar da aka saka shi a lafiyayyar na'ura sai murya ta fito da sauri, siririya, kamar ta saurayi. In kuma batir ɗin mai sauraro ne ya yi sanyi, sai murya ta ja, ta yi kauri. Na sha jin gardama a fada kan cewa wata ɗauka ta ƙuruciya ce, alhali kalangun da ke ciki ma ya haura yadda kalangu ke tashi. Maganin wannan shi ne a gwada sautin ganga da na wata ɗauka da aka amince da ita kafin a yanke hukunci.

Darasi daga masu sauraron rok

Akwai wasu mutane a nesa da suka riga mu mayar da irin wannan sauraro ilimi. A Amurka an yi wata ƙungiyar kiɗan rok mai suna Grateful Dead, wadda ta yi wasa sama da sau 2,300 tsakanin 1965 da 1995, shekarar da jagoranta, makaɗin jita Jerry Garcia, ya rasu. Su ma ba sa kaɗa waƙa sau biyu iri ɗaya, don haka masoyansu suka fi daraja ɗaukar fili a kan faifan kamfani. Daga 1984 ƙungiyar ta keɓe wa masu rikoda wuri na musamman a filin wasa. Abin koyi a wurinsu shi ne ɗabi'ar rubutu: kowane kaset da ranarsa, da garinsa, da zauren da aka yi wasan, da bayanin daga wane kaset aka kwafo shi. Saboda haka yau suna iya zama su kwatanta yadda Garcia ya kaɗa waƙa guda a shekaru daban-daban. Wasan da suka yi a jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu, 1977, har ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin sautukan da ƙasa ke adanawa.

Kiɗansu ba namu ba ne, al'adarsu ma haka. Amma abin da suka gane ya shafe mu kai tsaye: mawaƙin da ke ƙirƙira a gaban jama'a, tarihinsa yana cikin darare ne, ɗaya bayan ɗaya. Shata ya shafe fiye da shekara hamsin yana wasa. Kunnen da zai bambance ɗauka da ɗauka muna da shi, dattawanmu sun fi kowa. Alƙalamin ne ba mu sa ba.

Abin da ake faɗa a kan kaset ɗin wasa

Masu ƙin wannan kaset suna da hujjoji, kuma bai kamata a share su ba. Suna cewa sautin ba shi da kyau. Gaskiya ne, zafi da ƙura da yawan kwafa sun cinye da yawa. Amma da tsohuwar zuma ake magani, kuma kaset mai shashshaka da ya riƙe dare guda cur ya fi tsabtataccen guntu da ba a san daga ina aka yanko shi ba.

Suna cewa yawancinsa kiran sunayen masu kuɗi ne. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, domin roƙo sana'a ce, kuma Shata bai taɓa ɓoye cewa sana'arsa yake yi ba. Sai dai jerin sunayen nan shi ne rajistar zamanin: direbobi, 'yan kasuwa, dillalai, ma'aikata, mata masu sana'a, mutanen da babu littafin tarihin da ya san da zamansu. Kuma gwanintar tana cikin yadda yake ɗaukar suna tsurarsa ya sama masa gurbi a kan kiɗa nan take, ya haɗa shi da garinsu da iyayensa, ba tare da karin ya karye ba.

Hujja ta uku ita ta fi nauyi. A fili akwai zambo, akwai maganganun da aka yi cikin zafin dare, kuma waɗanda aka yi wa suna da 'ya'ya da jikoki a raye. A nan wajibi ne mai nazari ya rarrabe adanawa da yayatawa. A ajiye ɗaukar cikakkiya domin ilimi, amma yanko zambon wani a watsa shi a WhatsApp don a ci mutuncin zuriyarsa ba tunawa da Shata ba ne. Haka kuma duk wanda zai ci riba da waɗannan sautuka ya tuna mai su ya bar iyali, makaɗansa da 'yan amshinsa ma sun bari.

Kammalawa

A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihin Shata, aikin da ya tsare mana labarin rayuwarsa. Abin da ya rage shi ne tarihin wasanninsa, kuma wannan ba ya hannun marubuta. Yana cikin akwatunan ƙarfe a Guci, da Malawa, da Dogo-Dogo, da Dungas, da Magarya, zafi yana cin sa kowace bazara. Ba Shata kaɗai abin ya shafa ba. Marigayi Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, da Malam Maman Barka ɗan Tesker da ya rasu a 2018, da ƙananan makaɗan garuruwanmu da ba su taɓa shiga ɗakin ɗauka ba, duk muryoyinsu suna kan irin wannan zare.

Kirana ga matasanmu masu waya da kwamfuta shi ne: ku nemi kaset ɗin iyayenku tun ba su narke ba. Ku juye su gaba ɗaya, daga gaisuwar farko har tashin taro, kada ku yanke komai. Ku zauna da dattijon da ya mallake su, ku tambaye shi inda ya samo, da shekarar, da ko ya halarci wasan, ku rubuta amsar a jikin sunan sautin. Gidajen rediyon karkara na yankinmu kuma su buɗe ƙofa su karɓi kwafi su adana, su riƙa saka wasa cikakke ko da sau ɗaya a mako, masu sauraro su bugo su faɗi abin da suka gane a ciki. Dattawan da za su iya jin suna su ce sun san mai shi suna raguwa kowace shekara, don haka aikin na yau ne.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da makaɗansa da suka riga mu gidan gaskiya, ya gafarta musu kurakuransu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.